Takardar da Ban Karanta wa Ba Modu Ba

Makon jiya wani saurayi ya tsaya a gaban teburina, ya ɗaga mini wayarsa ya ce, "Baba, wannan aikin naku ai ya zo ƙarshe. Ina kwance a ɗaki na yi wa yayana inshorar mota, ko shayina bai huce ba."

Na ce, "Wace iri ka yi masa?"

Ya ce, "Inshora mana."

Na ce, "To idan motar ta kama wuta gobe, wa zai biya shi?"

Ya duba wayar, ya ja sama, ya ja ƙasa, ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Ni kuwa tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In zauna, in tashi, in zaga bayan bishiya, in dawo in sake jera takardun da na riga na jera. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na ce bari in rubuta wannan, saboda shi da ire-irensa. Amsar da ya ba ni ba baƙuwa ba ce a wurina. Da bakina na yi shekaru ina ba mutane ita.

Sunana Buba. Ejan ne ni na takardun mota, a ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon ofishin lasin a nan Maiduguri. A Bulabulin aka haife ni. Mahaifina Bafullatani ne da ya zo da shanu bai koma ba. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ce da aji biyu a gaba, kuma Turancin da ke jikin takardun mota a kan aiki na koye shi, kalma kalma. Ba don in fake da wannan nake faɗa ba. Abin da zan ba da labari, na san shi sarai lokacin da na aikata.

Aikina na farko wata tsohuwar tasi ce da lambar shasinta ta ɓace cikin laka da baƙin mai. Maigidana a sana'a, Baba Ishaku, ya miƙo mini tsumma, kwalbar kananzir, farar takarda da fensir. Na kwanta a ƙasa na goge ƙarfen har lambobin suka fito, na ɗora takardar a kai ina goga fensir a hankali har suka hau kanta, fari cikin baƙi. Na kawo masa. Ya gwada da tsohuwar takardar motar, ya ce lamba ɗaya ba ta fito ba, takwas ce ko uku. Na ce takwas ce. Ya ce, "Gani ka yi, ko kana so ne ta zama takwas?" Na koma ƙarƙashin mota. Uku ce.

Ku da kuke ganin aikin nan latsa waya ne, kayan aikinmu ke nan har yau: fensir, tsumma, ƙaramar tocila ta leƙa lambar inji, abin maƙala takardu, robar ɗaure su, da leda saboda damina. Sauran duk ƙafa ne da baki. Ka san wace taga ce ake fara zuwa, wace ce ke rufewa da wuri ranar Juma'a, wane akawu ne ba ya son a ninke masa takarda. Ka san fuskar mutum ɗari da lambar motarsa da watan da takardarsa ke mutuwa. Waya ba ta kwanciya a ƙarƙashin mota.

Baba Ishaku mutumin kudancin Borno ne, tsohon akawu, tabarau ɗinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ranar Lahadi yana coci, sauran kwanaki yana kan benci tun kafin a share ƙofar ofis. Yana da wata ɗabi'a da ke ci mini rai a lokacin. Ba ya miƙa wa mutum takardar inshora sai ya karanta masa ita, gaba da baya, yana bin layi da yatsa yana juyawa zuwa Hausa. Wanda ba ya jin Hausa sosai, ya haɗa masa da Barbarcinsa mai tuntuɓe. Direba yana tsaye yana kaɗa makulli, fasinja na jiransa a tasha, Baba na karatu. In ya gama ya ce, "Ka ji abin da ka saya?" Sai mutum ya ce ya ji, sannan ya saki takardar.

Shekara huɗu na yi a hannunsa. Da na tashi, ban yi nisa ba. Darbejiya ta gaba na koma, taku goma tsakaninmu, na kafa teburina, na ce duk wanda ya kawo takarda da safe zai karɓa kafin azahar. Ba karatu, ba dogon bayani. Cikin 'yan watanni direbobin da na sani a bencinsa suka dawo nawa. Wannan ma laifi ne, na rubuta shi nan don kada in manta. Bai taɓa ce mini don me ba. Sau ɗaya kawai ya tsaya a gefen teburina, ya dubi tarin takardun da ke ɗaure da roba, ya ce, "Buba, mutanen nan ba su san abin da suke saya ba. Kai ka sani." Ya wuce.

Bari in faɗi abin da na sani ɗin, tunda shi ne gindin maganar. Inshorar mota iri biyu ce a wurinmu. Akwai ƙarama, wadda doka ta ce dole kowace mota ta kasance da ita. Direbobi na ce mata ta 'yan sanda, don a wurinsu amfaninta ke nan, a miƙa ta taga a wuce. Wannan ba motarka take karewa ba. Wanda ka buge take biya, motarsa ko katangarsa ko jikinsa, shi ma zuwa wani iyaka. Abin da ya haura, daga aljihunka. Motarka kuwa, ko ta ƙone, ko an sace ta, ko ta niƙe, kamfani ba ruwansa. Kayan da ka ɗauko ma haka. Sai babba, wadda ta haɗa da motarka kanta. Ita tana da tsada, kuma tana cin rana. Sai an kai motar an duba ta, an ɗauki hotonta ta kowane gefe, an yi mata ƙima, an cika fom mai shafuka. Ejan da ya yi alkawarin kafin azahar ba ya son jin sunanta. Ƙaramar kuwa a dunƙule nake kai su, ashirin ko talatin, in dawo da su a hammata.

Akori-kurar Ba Modu, wani Babarbare direban kifi, fara ce, ta hannu, amma injinta lafiyayye. Ranar da ya kawo ta ya tsayar da ita daidai gaban teburina har ta tare mini iska, ya fito yana gyara hula.

Ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, bawana. Tashi ka gaida motar ubangidanka."

Na ce, "Babarbare da mota? Wa ka yi wa sata?"

Ku yaran yanzu kun san wasan Barebari da Fulani, amma ba ku san nauyinsa ba. Ba Modu ya girme ni da kusan shekara ashirin, amma tun ranar da ya ji ni Bafullatani ne bai sake kiran sunana ba. Bawana, ɗan nono, mai bin saniya. Ni kuma in rama da abin da ya zo bakina. Duk Kasuwar Kifi ta Baga Road an san shi. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa motocin wasu, yana ɗauko banda a kwalaye daga bakin tafki. Shekarun da hanya ta rufe saboda rikici ya zauna ba aiki, bai roƙi kowa ba. Da abubuwa suka lafa, ya sayar da rabonsa na gidan gado, ya sayi wannan motar. Ita ce ta farko da sunansa zai hau takardarta.

Na goge shasi, na leƙa inji, na karɓi hotunansa. Da muka zo kan inshora sai ya sauke murya, wasan ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Wani a kasuwa ya ce akwai babba akwai ƙarama. Ni ba na karatun boko. Wace za ka yi mini?"

Na ce, "Wadda kowa ke yi."

Ya ce, "Ba wannan na tambaya ba. Ba ni da wani abu bayan motar nan. In wani abu ya same ta, za su biya?"

A lokacin akwai mutum bakwai a kan bencina, rana ta fara hawa, taga ta biyu kuma na gab da cika. Na dubi agogo. Ina tuna wannan sosai, agogo na duba, ba fuskarsa ba. Na ce, "Za su biya mana, Ba Modu. In ba su biya ba me aka yi ta? Kai dai kawo, kada ka tsufa a nan."

Ya yi dariya ya ce Bafullatani bai iya komai ba sai gaggawa. Kafin azahar na miƙa masa takardunsa cikin sabuwar leda. Ya sa su a aljihun gaba, ya dafa da hannu.

Ba ta cika wata biyar a hannunsa ba. Wata ranar Talata ya ajiye ta a gefen titi kusa da kasuwa, cike da kwalayen banda, ya shiga masallaci sallar la'asar. Wata tifa ɗauke da yashi ta gangaro, birki ya ƙi, direban ya kauce wa masu keke-napep ya haɗa da akori-kurar, ya matse ta da katanga. Ba wanda ya ji ciwo. Motar kuwa ta lanƙwashe tun daga gaba har tsakiya, kifi ya watsu a titi, mutane na tsince masa suna mayarwa a kwali.

Ban je wurin ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Bulama, mai unguwarmu, na ji shi, don a ƙofarsa aka yi zaman sulhun. Kun san yadda muke yi a garin nan. Ba a fara da 'yan sanda. Ana ja motoci gefe, a nemi manya, a shimfiɗa tabarma. Mai tifar, wani Alhaji Mala daga Shehuri, ya zo da kansa da mutanensa. Direban, Bukar, yana tsugune a gefe, kansa a ƙasa. Alhaji Mala bai yi gardama ba. Ya ce laifin motarsa ne, Ba Modu ya zaɓa, ko a gyara, ko a nemo masa wata irinta.

Bulama ya ce Ba Modu ya daɗe yana kallon Bukar. Shi da ya yi shekaru yana tuƙa motar wani, ya san inda irin wannan biyan ke ƙarewa: mai mota ya biya a gaban mutane, direba ya biya a bayan gida, da aikinsa ko da albashinsa. Sai ya zaro ledar daga aljihu ya ɗaga ta.

Ya ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka ka gyara birkinka. Ni ina da inshora, kamfani zai biya ni. Wannan bawan Allah kuma kada a taɓa aikinsa. Na yafe, duniya da lahira."

Aka yi ta sa masa albarka. Liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, kowa ya tashi.

Washegari da safe Ba Modu ya zo wurina a keke-napep, da ƙullin banda a hannu, manyan tarwaɗa guda shida. Ya ajiye mini a kan tebur.

Ya ce, "Ga naka, ɗan nono, ka ɗanɗana abincin mutane. Motar ubangidanka ta mutu. Tashi ka je ka karɓo mini wata."

Ya ba ni labari duka yana dariya, har da yadda Alhaji Mala ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ina ji, ina jera takardu. A nan ne ya kamata in faɗa masa. Motar na nan inda aka ja ta, tifar ma ba a gyara ta ba, shaidu duk suna kusa, tabarmar ma ba a daɗe da naɗe ta ba. Abin da na yi shi ne na karɓi takardar, na je na yi mata hoto a shagon kwafi, na mayar masa da tasa, na ce ya dawo bayan mako ɗaya, irin wannan abu yana ɗaukar lokaci.

Kifin kuwa mun ci shi a gida. Kwana uku ana miya da shi.

Bayan mako ya dawo, na ce manajan kamfanin ya yi tafiya. Mako na biyu na ce ana jiran amsa daga babban ofishinsu. Ban je ko'ina ba. In na hango hularsa daga nesa sai in tashi in shiga ofishin lasin, in bi layin da ba ni da abin yi a cikinsa, in fito ta ƙofar baya, in zaga ta wurin masu lambar mota, in dawo in tarar yana zaune yana jirana. A makonnin nan na san kowane lungu na harabar nan. Ban san me nake jira ba. Wataƙila ina jira ne ya gaji, ko wani abu ya faɗo daga sama. A cikin kwanakin aka ɗauke motar daga bakin titi aka kai ta garejin wani, aka gyara tifar ta koma ɗaukar yashi.

A mako na uku na sake ce masa ya ƙara haƙuri. Ya tashi, ya yi taku goman nan zuwa darbejiyar Baba Ishaku, ya zaro ledar ya miƙa masa. Ina zaune ina kallo. Baba ya gyara tabarau, ya shimfiɗa takardar a gwiwa, ya ɗora yatsa. Ba na jin abin da yake faɗa, amma na san kowane layi, na san inda yatsan zai tsaya. Ya tsaya a wurin. Ba Modu ya yi tambaya, Baba ya koma baya ya sake karantawa. Ya juya bayan takardar ya karanta har ƙasa. Sannan na ga bakinsa ya yi tambayar nan tasa.

Ba Modu ya ninke takardar yadda take, ya mayar a leda, ya dawo ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Malam Buba."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun ranar da ya ji ni Bafullatani ne.

Ya ce, "Ranar da na tambaye ka, ka sani?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To." Ya gyara hularsa ya tafi. Bai ɗaga murya ba, mutanen da ke bencina ma ba su san an yi wani abu ba.

Da yamma Baba Ishaku ya kira ni, karo na farko cikin shekaru. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce hanya ɗaya ta rage. Tifar ma tana da ƙaramar inshora, kuma irin wannan ranar aka yi ta dominta: ita ce ya kamata ta biya Ba Modu, ko ba duka ba. Amma kamfani ba ya aiki da tabarma. Yana son rahoton 'yan sanda da ya nuna direban tifa ne da laifi, yana son hotuna, yana son takardar neman diyya daga hannun wanda aka yi wa ɓarna, kuma yana son a sanar da shi da wuri. Ya ce, "Makonni ukun da ka cinye sun rage mana hanya. Amma je ka gwada."

Na rufe tebur na tafi Shehuri a ƙafa, ban ma tsaya neman abin hawa ba. Na sami Alhaji Mala a zaurensa. Na faɗa masa komai, har da abin da na ce da Ba Modu ranar da na duba agogo. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ni ban janye ba. Abin da na faɗa a gaban Bulama yana nan. In ya fi son ta kamfani, a yi ta kamfani. Amma ba kai za ka zo ba. Mutum ya yafe mini a gaban jama'a, in bi shi da kuɗi a baya, ai na ce yafiyarsa ba ta kai ba ke nan. Sai dai ya zo da kansa, ko ya aiko Bulama da bakinsa."

Daga nan na wuce Baga Road. Na sami Ba Modu a rumfar wani dillali, zaune a kan kwali, yana taya su ɗaure kaya da igiya. Na tsuguna. Na ce masa Alhaji Mala na jira, kalma ɗaya kawai ake so daga gare shi.

Ya ce, "Wace kalma?"

Na ce, "Ka ce ka yafe ne bisa kuskure. Kowa zai gane. Ni zan tsaya a gaban Bulama in ce ni na ruɗe ka."

Ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "Ita ta kamfanin, sunan wa za a rubuta a wurin 'yan sanda?"

Na ce na Bukar.

Ya ce, "Wanda na ce kada a taɓa aikinsa."

Na ce to a bar kamfani, a karɓi na Alhaji.

Ya ce, "Malam Buba, an shafa fatiha. Liman ya ɗaga hannu, mutum arba'in sun ce amin. In koma in ce musu ku dawo mini da amin ɗinku, takarda ta ba ta yi ba? Lokacin da na yafe ban ce in kamfani ya biya ba. Cewa na yi duniya da lahira." Ya jawo wani kwalin. "Kai ka yi kuskure a taka sana'ar. Kada ka sa ni in yi a tawa."

Sau huɗu na koma. Na aika Bulama, na aika liman. Na ce zan sayar da babur ɗina in kawo abin da ya samu. Ya aiko a ce mini babur ɗin Malam Buba ba shi ya bugi motarsa ba. Daga baya masu sayen tsohon ƙarfe suka yanka akori-kurar. Na ga ƙofarta a bayan kura ana turawa, fara, da ragowar rubutun da ya sa aka yi mata.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Ba Modu bai faɗa wa kowa ba, amma kasuwa ba ta buƙatar a faɗa mata. Masu motocin kifi suka ɗauke takardunsu ɗaya bayan ɗaya, su ne kuwa rabin bencina. Masu tifa suka bi. Wasu suka koma wurin Baba Ishaku, suna tsaye suna kaɗa makulli yana musu karatu. Na ɗauke teburina na koma bakin tasha, ban yi wata biyu ba na dawo. Na gwada sayar da kayan gyaran babur, na bari. Na koma darbejiyata. Da Baba ya tsufa ya koma garinsu, ya bar mini bencinsa. Na zo da safe na tarar an jingina shi da teburina.

Tun daga lokacin ba na sakin takarda sai na karanta. Alkawarin kafin azahar ya ƙare. Wasu na tsaki su tafi wurin masu waya, ba na hana su. Ba kuma cewa nake kowa ya yi babba ba. Mutane da yawa ba su da halinta, ƙaramar ita ce iyakar ƙarfinsu, kuma ta fi babu nesa. Abin da nake cewa shi ne, in ƙarama ka riƙe, ka san motarka a hannun Allah take da aljihunka. In an buge ka, kafin a ja mota a ɗauki hoto, a duba takardar wanda ya buge ka. Ka je tabarma, ba na hana kowa sulhu. Amma ka san abin da ke cikin ledarka kafin ka buɗe baki, don abin da ka yafe da saninka sadaka ne, wanda ka yafe bisa maganar ejan kuwa, ejan ne ya ɗauka ya bayar da abin da ba nasa ba.

Ba Modu bai sake tuƙi ba. Idonsa ya fara rauni, masu motoci kuma sun fi son matasa. Yana nan a kasuwar, yana ɗaure kwalaye yana lura da lodi. Muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure a Bulabulin. Yana gaishe ni da kyau. Ina kwana Malam Buba, ya iyali, ya aiki. Sau ɗaya na gwada, na ce, "Babarbare, har yanzu kana warin kifi?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam Buba." Ban sake ba.

Bara, bayan sallar layya, wata ƙaramar mota mai ɗaukar kaya ta tsaya a gaban teburina. Bukar ne ya fito daga wurin tuƙi, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya kamo hannun Ba Modu ya fito da shi. Ashe duk shekarun nan Bukar yana kai masa gaisuwa. Ya bar tifa, ya sayi tasa.

Ba Modu ya zauna a bencin Baba Ishaku, ya jingina sandarsa. Ya ce, "Malam Buba, ga Bukar. Motarsa ce ta farko. Ka karanta masa. Duka biyun, babba da ƙarama, har baya."

Na ɗauko samfurin kowace, na shimfiɗa a gwiwa, na ɗora yatsa. Na karanta layi layi ina juyawa zuwa Hausa. Da na zo inda aka ce kamfani ba zai biya ɓarnar motar mai takarda ba, na karanta shi sau biyu. Mutum uku da ke jira suka gaji suka tashi. Aka kira azahar ina kan shafi na biyu, muka je muka yi salla muka dawo na ci gaba. Ba Modu bai motsa ba sai da na kai ƙasan shafin ƙarshe. Na dubi Bukar na ce, "Ka ji abin da za ka saya?" Ya ce ya ji, zai je ya yi shawara da iyalinsa ya dawo.

Ba Modu ya dafa sanda ya miƙe. Ya tsaya kaɗan a gaban teburin, yana kallon wajen da nake, don ban san iyakar abin da idonsa ke gani yanzu ba.

Ya ce, "Ashe ka iya karatu."

Na tsaya ina jira ya ƙara kalma ɗaya, ɗan nono, ko bawana, ko wace ce. Bukar ya buɗe masa ƙofa, ya shiga, suka tafi.